Yadda Za Ka Koya wa Yaro Wasan Ces, Daga Jera Allo Har Zuwa Gasar Farko

Tun watan Afrilun 2024 da ɗan Najeriya Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na New York yana buga wasan ces har awa 60 a jere, iyaye ke ta yi mini tambayoyi iri ɗaya. Yaro ya nuna sha'awa, ta ina za a fara? Me za a saya? Idan uban da uwar duk ba su iya ba fa? Ta ƙarshen ce ta fi sauƙin amsawa: ba sai ka iya ba, za ku koya tare, kuma zai wuce ka ba da jimawa ba. Shi kansa Onakoya a shagon aski ya fara ganin wasan a Ikorodu da ke jihar Legas.

Aikin babba a nan, uba ne ko uwa, yaya ko kawu, shi ne ya tsara abin da zai zo gaba da abin da zai biyo baya, sannan ya kame bakinsa da hannunsa ya bar yaro ya yi tunani. A ganina abin da ya fi korar yara daga wannan wasa shi ne a zube musu 'ya'yan wasa 32 a rana ɗaya, a kuma tsaya a kansu ana cewa tura wannan, janye wancan. Matakan da ke ƙasa sun dace da yaro ko yarinya daga shekara 5 ko 6 zuwa sama. Wanda ya kai shekara 10 zai haye na farkon da sauri, amma kada a tsallake masa ko ɗaya.

1. Kayan da za a tanada

Allo da 'ya'yansa. Ka nemi allon leda mai naɗewa da 'ya'yan roba, irin wanda ake amfani da shi a gasa. Shi ne mafi araha, ba ya karyewa, kuma ana samunsa a shagunan kayan wasanni da na littattafai, ko a kasuwannin intanet irin su Jumia. Ka duba abu biyu kafin ka biya. Na farko, gefen allon ya zama yana da haruffa daga a zuwa h da lambobi daga 1 zuwa 8. Na biyu, siffar 'ya'yan ta zama samfurin Staunton, wato wadda duniya ta saba da ita. A allon gasa faɗin kowane gida santimita 5 zuwa 6 ne, tsawon sarki kuwa wajen santimita 9 da rabi.

Gargaɗi: kada kwalliya ta ja ka. Saitin gilashi na falo da wanda aka sassaƙa da siffofin mayaƙa suna da tsada, kuma yaro ba zai bambance wannan da wancan ba. Ƙaramin nan mai maganaɗisu na tafiya shi ma ba na koyo ba ne, yatsun yaro za su yi ta ture na kusa.

Idan babu kuɗi yanzu, kwali da rula da biro sun isa. A zana gida 64, takwas-takwas, a shafa wa rabi baƙi, a tara murafen lemo 32 kala biyu, a rubuta harafin kowane ɗa a kai. Da wannan za a iya yin matakai biyar na farko lafiya lau.

Sai littafin rubutu ɗaya da fensir, wanda ba za a haɗa shi da na makaranta ba. Agogon ces kuwa, wato wanda ke ƙirga lokacin tunanin kowane ɗan wasa, kada ka saya tukuna. Sau da yawa ya fi allon tsada, kuma akwai manhajojin waya na kyauta da ke yin aikinsa.

Lokaci shi ne ainihin kuɗin da za ka biya. Minti 15 zuwa 20 a zama ɗaya, sau uku ko huɗu a mako, ya fi awa uku ranar Asabar. Ka zaɓi lokacin da ba na salla ba, ba na Islamiyya ba, ba kuma lokacin da ya dawo daga boko a gajiye da yunwa ba. Tun ranar farko a kafa doka cewa ba a sa kuɗi ko wani abu a kan wasa, ko da alewa ce.

2. Allo tukuna

Zama na farko da na biyu, a bar 'ya'yan a cikin jaka. A shimfiɗa allo ta yadda gidan da ke kusurwar hannun daman kowane ɗan wasa zai zama fari. Shimfiɗa shi akasin haka shi ne kuskuren da har manya ke yi. Ka nuna masa layin tsaye, layin kwance, da layin karkace, sannan ka koya masa sunan gida: harafi tukuna, sai lamba. Ka ce masa ɗora tsakuwa a e4, kai ta c6, wane launi ne h1. Daga nan ku yi musanya, shi ya kira kai ka nuna, ka riƙa yin kuskure da gangan jefi-jefi ya kama ka. Yara na son kama babba da kuskure, kuma da haka sunayen ke zama a kansu.

3. Ɗa ɗaya a kowane zama

Sunayen da za mu yi amfani da su: sarki, sarauniya, hasumiya, giwa, doki, soja. Kowane ɓangare yana da sarki ɗaya, sarauniya ɗaya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, soja takwas.

A fara da hasumiya domin tafiyarta ta fi sauƙi: miƙe, gaba ko baya ko gefe, iya nisan da hanya ta buɗe. Ka watsa wake biyar ko shida a allo, ka ce ya cinye su da hasumiya cikin mafi ƙarancin tafiya. Sai giwa, mai tafiya a karkace. Ka bar shi ya gano da kansa cewa giwar da ta fara a farin gida ba za ta taɓa taka baƙi ba, ka sa masa wake a gidan da ba za ta iya kai wa ba ka ga yadda zai yi. Sai sarauniya, wadda ta haɗa tafiyar waɗannan biyun, sai sarki, mai taku ɗaya zuwa kowane ɓangare.

Doki ne ke ba da wahala, a ba shi zama biyu ko uku. Yana tafiya gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe, kuma shi kaɗai ke tsallake wasu. Abin da ke taimaka wa yaro shi ne ya lura cewa doki yana sauya launi a kowane tsalle, daga fari sai baƙi, daga baƙi sai fari. Ka ajiye shi a tsakiyar allo ya ƙirga gidajen da zai iya zuwa, zai samu 8. Ka mayar da shi kusurwa, zai samu 2 kacal. Ba sai ka yi masa huɗuba a kan muhimmancin tsakiya ba, ya gani da idonsa. Idan ya ƙware, ka ce ya kai doki daga a1 zuwa h8. Ana yi da tsalle 6, ba a iya yi da ƙasa da haka.

Soja ne na ƙarshe, duk da ƙanƙantarsa, domin dokokinsa sun fi yawa. Gaba kawai yake tafiya, gida ɗaya, amma a tafiyarsa ta farko yana iya yin biyu. Ci kuma a karkace yake yi. Idan ya kai layin ƙarshe sai ya zama sarauniya, ko hasumiya ko giwa ko doki. Da zarar yaro ya gane wannan, ku shiga yaƙin sojoji: takwas da takwas, babu kowa a allo sai su, wanda ya fara kai soja ƙarshe ya ci. Ku yi mako guda ko biyu kuna wannan. A nan ne zai fara ƙirga, in na ci zai ci, in ya ci zan ci, wa ya rage. Bayan haka ka ba shi sarauniya kai ka riƙe soja takwas, ko hasumiya da soja biyar, ku riƙa juyawa.

Gargaɗi: yaron da ya saba da daraf zai so ya tsallake ɗan abokin wasa idan zai ci, kuma zai ɗauka ci dole ne. A ces ana sauka ne a kan gidan wanda aka ci, kuma ci zaɓi ne. A gyara wannan da wuri.

A wannan matakin ne kuma za a gaya masa darajar kowa: soja 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Sarki ba shi da farashi tunda ba a cin sa. Ka riƙa tambayarsa kamar a kasuwa, idan ka ba da hasumiya ka karɓi doki, riba ka yi ko faɗuwa?

4. Cek, kisa, da canjaras

Idan aka kai wa sarki hari, an yi masa cek, kuma dole a magance shi nan take. Hanya uku ce: a cinye mai harin, a tare tsakani, ko sarki ya kauce. Ka sa yaro ya riƙa faɗin ukun da bakinsa duk lokacin da aka yi masa cek, domin masu koyo gudu kawai suke tunawa, alhali sau da yawa mai harin yana nan a banza ana iya ɗauke shi. Idan duk ukun sun gagara, wannan ne cekmet, wato kisa, wasa ya ƙare.

Kada a wuce wannan mataki sai ya iya kisa uku a kan sarki shi kaɗai, bi da bi. Na farko da hasumiya biyu: ɗaya ta tare layi, ɗayar ta yi cek a layi na gaba, a yi ta tura sarki har bakin allo. Na biyu da sarauniya da sarki. Na uku da hasumiya ɗaya da sarki, wanda ya fi wuya, ana iya jinkirta shi wata ɗaya ko biyu. Ƙwararre yana gama na sarauniya cikin tafiya 10 ko ƙasa, na hasumiya cikin 16. Yaro ba sai ya kai haka ba, amma ya san akwai dokar da ta ce idan kowane ɓangare ya yi tafiya 50 ba a ci komai ba, ba a kuma motsa soja ba, ana iya neman a tashi canjaras.

Gargaɗi: nan ne ake asarar wasan da aka riga aka ci. Ka ajiye baƙin sarki a a8, farar sarauniya a c7, ka ce baƙi ne zai yi tafiya. Sarki ba shi da inda zai taka, amma kuma ba a yi masa cek ba. Wannan ba kisa ba ne, canjaras ne, ko da mai farin yana da sarauniya uku. Ka jera masa irin wannan sau da yawa, wani kisa wani canjaras, ya riƙa bambancewa. Dokar da zai riƙe ita ce: idan abokin wasa ya rage daga shi sai sarkinsa, kafin ka saki ɗa ka tambayi kanka, na yi masa cek, ko yana da gidan takawa?

5. Dokoki biyu da aka bari baya

Ɓoye sarki. Sau ɗaya a wasa, sarki yana iya matsawa gida biyu zuwa wajen hasumiya, ita kuma ta tsallako ta tsaya a gefensa. Sharuɗɗan su ne: sarkin da hasumiyar ba su taɓa motsawa ba, babu kowa a tsakaninsu, sarki ba ya cikin cek, kuma ba zai ratsa ko ya sauka a gidan da ake hari ba. A koya masa ya fara taɓa sarki, ba hasumiya ba. A gasa, wanda ya fara ɗaga hasumiya ana iya tilasta masa ya tafi da ita kaɗai.

Cin mai wucewa. Idan soja ya yi taku biyu ya tsaya daidai gefen sojan abokin gaba, wancan yana iya cin sa a karkace kamar taku ɗaya ya yi, amma a tafiyar da ta biyo baya kawai. Ka nuna sau biyu ka wuce, zai tuna ranar da aka yi masa.

6. Cikakken wasa na farko

Yanzu a jera kowa. Fari a layi na 1 da na 2, baƙi a na 7 da na 8. Hasumiya a kusurwa, sai doki, sai giwa, sarauniya a gida mai launinta, sarki a gefenta. Fari ke farawa.

Kada a haddace masa sunayen buɗe wasa. Abu uku sun ishe shi shekara guda: ya tura sojan tsakiya, ya fito da dawakai da giwaye kowanne sau ɗaya, ya ɓoye sarki kafin tafiya ta goma. Idan yana son misali, ga wanda ya dace da yara: soja zuwa e4, doki zuwa f3, giwa zuwa c4, sai ɓoye sarki. Baƙi ya amsa da e5, doki c6, giwa c5.

Akwai tarkon da babu makawa wani yaro zai ɗana masa, gara ya gan shi a gida. Fari ya buga e4, ya kai sarauniya h5, ya kai giwa c4, sai sarauniya ta ci sojan f7, kisa a tafiya ta huɗu. Maganinsa: bayan e4 e5, idan sarauniya ta zo h5, a fara kare sojan e5 da doki a c6. Idan giwa ta zo c4, a tura soja g6. Idan sarauniya ta koma f3, a sa doki a f6. Shi ke nan, fari ya ɓata lokaci a banza.

Gargaɗi: kada a tura g6 kafin a fito da doki c6, domin sarauniya za ta ci e5 da cek, ta kuma ɗauke hasumiyar h8. Gargaɗi na biyu ya fi wannan muhimmanci. Yaron da ya koyi tarkon zai so ya yi ta buga shi, zai kuma yi ta cin sa'o'insa na ɗan lokaci. Ka bar shi ya ɗanɗana, sannan ka kare ka kori sarauniyarsa ko'ina a allo har ya gaji da kansa.

To, kai ya za ka yi wasa da shi? A nan ake yawan ɓata lamarin. Idan kullum kana lallasa shi zai gudu. Idan kuma kana sakar masa da gangan zai gane, yara ba su da wauta, kuma nasarar ba za ta yi masa daɗi ba. Abin da ya fi shi ne ka cire sarauniyarka tun kafin a fara, ko hasumiya biyu, sannan ka yi wasa da gaske. Idan ya ci sau uku a jere, ka mayar da sarauniya ka cire hasumiya ɗaya, haka har ku daidaita. Wata dabarar ita ce a ba shi damar juya allo sau ɗaya a wasa, ya karɓi ɓangarenka ka karɓi nasa.

Idan ka ga zai yi kuskure, kada ka ce masa ga abin da za ka yi. Ka tambaye shi. Me tafiyata ta ƙarshe take nufi? Idan ka ajiye nan, wa zai iya cin ka? Akwai abin da ke tsaye babu mai gadi, naka ko nawa? Sai ka yi shiru, ko da shirun zai kai minti biyu. Na san yana da wuya, hannu har ƙaiƙayi yake yi. Amma tafiyar da ka faɗa masa taka ce, gobe ba zai tuna ta ba. Ka rubuta tambayoyin nan uku a bangon littafinsa, ka sa ya riƙa zama a kan hannayensa har sai ya amsa su. Yawancin wasannin masu koyo ba wata dabara mai zurfi ke raba su ba, wani ne ya bar doki a inda za a ci a banza.

7. Dabarun ci

Idan ya daina zubar da 'ya'yansa kyauta, sai a shiga dabaru, ɗaya a mako. Hari biyu: ɗa ɗaya ya kai wa biyu hari lokaci guda, kamar doki a c7 yana yi wa sarkin e8 cek yana kuma kallon hasumiyar a8. Ɗauri: giwa a b5, doki a c6, sarki a e8 a bayansa babu kowa a tsakani, dokin ba shi da ikon motsawa. Sai kishiyarsa, inda babba ne a gaba, idan ya kauce a ci na bayansa. Sai kisan layin baya: sarki a g8, sojojinsa uku a f7, g7, h7 sun rufe shi, hasumiya ta sauko e8, an gama. Maganin wannan a buɗe wa sarki taga da wuri, misali a tura soja h6.

Hanyar ƙwarewa a nan ita ce warware tambayoyi, wato a jera wani yanayi a ce nemo tafiyar da ta fi. Biyar zuwa goma a rana sun isa. A fara da kisa a tafiya ɗaya, a daɗe a kai, sannan kisa a tafiya biyu. Shafin Lichess kyauta ne gaba ɗaya, babu talla, yana da darussan masu farawa da tambayoyi da aka kasa bisa dabara. ChessKid na kamfanin Chess.com don yara aka gina shi, wani sashensa kyauta, wani sai an biya.

Gargaɗi: a waya yaro zai riƙa dannawa yana gwada sa'a. Ka sa ya jera tambayar a kan allon gaske, ya faɗi amsar har ƙarshe da baki, sannan ya taɓa. Idan ya yi minti biyar bai gano ba, ka ba shi haske kaɗan, kamar ka ce duba dokinka, kada ka ba shi amsa.

Ka haɗa masa da ɗan ƙarshen wasa. Misali farin soja a a4, baƙin sarki a f4 yana bin sa. Ya zana murabba'i a ransa daga a4 zuwa a8 zuwa e8 zuwa e4. Idan baƙi ne da tafiya kuma sarkinsa zai iya shiga murabba'in, zai kamo sojan. Idan fari ne da tafiya, soja ya tsere.

8. Rubuta wasa da bitarsa

Wannan ne matakin da ke raba mai wasa da mai ci gaba, kuma shi aka fi tsallakewa. A rubuce sarki K ne, sarauniya Q, hasumiya R, giwa B, doki N, soja ba shi da harafi. Nf3 na nufin doki ya je f3. Alamar x ci ce, + cek ce, 0-0 ɓoye sarki ta gajeren ɓangare, 0-0-0 ta dogon. Ya rubuta aƙalla wasa ɗaya a mako a littafinsa, da kwanan wata.

Bita ba a yin ta da zafin faɗuwa. A bari sai washegari. Ku sake jera wasan, ka tambaye shi a ina yake jin abin ya juya, me yake tunani a lokacin. Ku fitar da darasi ɗaya tak ya rubuta a ƙasa da hannunsa. Bayan wata biyu ku karanta darussan a jere, za ka ga kuskure ɗaya ne ko biyu ke ta dawowa, su ne aikin wata mai zuwa.

Gargaɗi: shafukan nan suna da injin bincike irin su Stockfish, wanda ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi. A kunna shi bayan yaro ya gama nasa tunanin, a duba manyan kurakurai kawai. Ƙananan gyare-gyarensa ba za su amfani ɗan shekara 8 da komai ba.

9. Wasa a intanet

Ka buɗe asusun da kanka, da sunan da ba nasa na gaskiya ba, ka kunna tsarin yara da ke rufe hira da baƙi. Lichess yana da shi a cikin saituna. Ka zaɓa masa wasa mai tsawo, minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowace tafiya, ko minti 30. Wasan minti ɗaya da na minti uku a ajiye su, suna koya wa hannu ya riga ƙwaƙwalwa, kuma suna da jaraba. Wasa biyu a zama ɗaya, idan ya faɗi biyun a rufe sai gobe.

Ka gaya masa ƙarara cewa duba inji ko tambayar wani ana cikin wasa maguɗi ne, kuma shafukan suna ganowa su rufe asusu. Kai ma kada ka tsaya a bayansa kana raɗa masa. Makin da shafi ke ba shi kuwa zai yi ta hawa da sauka, kada ya zama abin da kake tambaya kullum da yamma.

10. Abokan wasa, malami, da gasa

Idan yaro ya fara cin ka ba tare da ka cire komai ba, gida ya yi masa kaɗan. Ka fara tambaya a makarantarsu ko akwai kulob. Idan babu, allo uku da malami ɗaya mai sha'awa sun isa a kafa. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Najeriya a 2017 saboda barazanar Boko Haram, a makarantar firamare ya koyi wasan a New York, kuma a 2019 ya ci gasar jihar ta sa'o'insa yana ɗan shekara 8, suna zaune a gidan marasa matsuguni. Sai ka leƙa hukumar wasanni ta jiharku ka nemi masu kula da ces, domin wasan yana cikin gasar wasanni ta ƙasa da ta jami'o'i. Ɗalibin jami'a mai buga wa makarantarsa yakan koyar da yara a farashi mai sauƙi, musamman idan iyaye uku ko huɗu suka haɗa kuɗi. Kafin ka ɗauke shi ka zauna ka kalli darasi ɗaya. Idan shi ke ta magana yana motsa 'ya'ya yaro na kallo, ka nemi wani. Darasi kuma a yi shi a fili inda babba ke gani. 'Ya mace a ba ta dama daidai da namiji, gasannin yara suna da rukunin kowa da kowa da kuma na mata, bisa shekaru: ƙasa da 8, 10, 12, har 18.

Kafin gasar farko a yi mako biyu ana wasa a gida da dokokinta. Ɗan da ka taɓa shi za ka motsa, idan ka sake shi ya zauna. Mai son gyara zaman ɗa sai ya faɗa kafin ya taɓa. Hannun da ya motsa ɗa shi ke danna agogo. Ba a magana, ba a shiga da waya, idan matsala ta taso a tsayar da agogo a ɗaga hannu a kira alƙali, kada a yi musu da abokin wasa. Yawancin gasanni ba a fitar da wanda ya faɗi, kowa zai buga dukkan zagaye, ana haɗa masu maki iri ɗaya. Nasara maki 1, canjaras rabi, faɗuwa babu. Makin auna ƙarfin ɗan wasa na hukumar duniya, FIDE, sai a gasar da aka yi wa rajista ake samunsa, bayan an buga aƙalla wasa 5 da masu maki, kuma tun Maris 2024 mafi ƙarancinsa 1400 ne. Lambar rajistar ana samunta ta hannun Hukumar Ces ta Najeriya, masu shirya gasa za su nuna maka hanya. Wannan ba na gaggawa ba ne, a fara da gasar makarantu ko ta unguwa.

Kasafin ranar: kuɗin shiga, kuɗin mota, ruwa, abinci mara nauyi, biro biyu. Ku isa da wuri ya ga ɗakin, ya san inda bayi yake da wurin salla. Idan an fara ka fita waje, tsayuwarka a bakin taga tana raba masa hankali, kuma ana iya zargin kuna yi wa juna alama.

Zai fito daga wani zagayen da hawaye, wannan kusan tabbas ne. Kada ka tare shi da ka ci ko an ci ka, fuskarsa ta riga ta faɗa. Ka ba shi ruwa, ku ɗan taka, ka karɓi takardar wasan ka ninke ka sa a aljihu. Idan shi ya ɗauko maganar ka saurara, idan bai ɗauko ba ka duba jadawali ka gaya masa lambar teburinsa na gaba da launin da zai riƙe.